Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Kawo Mana Labaran Kisan da Ba a Gano Masu Yinsa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa masu shirya bidiyo da shirye-shiryen murya kan labaran kisan kai a YouTube da TikTok da Facebook, ina gaishe ku da aiki, tare da fatan alheri. Na rubuto ne a madadin wasu daga cikin masu bibiyarku da suka daɗe suna saurare, suna tura wa juna, wani lokacin har a raba dare ana gardama kan abin da kuka kawo. Mu ba maƙiyanku ba ne. Da yawanmu a bakinku muka fara jin yadda ake gwajin DNA da yadda ake bin sawun wayar hannu. Wannan ilimi ne, kuma mun gode.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda wasunku suka sake taso da labarin kisan JonBenét Ramsey kwanan nan. An saka muryar mahaifiyar yarinyar lokacin da ta kira lambar gaggawa ta 911, an rage gudun sautin, an yi ta maimaitawa, an ɗora kiɗa mai tayar da tsikar jiki, daga ƙarshe aka buɗe ƙuri'a: uwar ce, uban ne, ko yayan yarinyar? Jama'a suka yi ta dannawa kamar ana zaɓen gwarzon ɗan wasa. Mun yi magana ta bayan fage, aka ce mana ai nishaɗi ne, kuma mutanen ba Hausa suke ji ba. Shi ya sa muka fito fili.

Ga wanda bai san labarin ba, JonBenét yarinya ce 'yar shekara 6 a garin Boulder na jihar Colorado a Amurka. Da asubahin 26 ga Disamba 1996, ƙarfe 5:52, mahaifiyarta Patsy ta kira 911 ta ce an sace 'yarta, an bar takarda. Takardar ta kai shafi biyu da rabi, an rubuta ta da littafin rubutu na cikin gidan, ana neman dala 118,000, adadin da ya yi kusan daidai da garaɓasar da uban, John, ya samu a wurin aiki. Wajen ƙarfe 1 na rana uban ya tsinci gawar a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a cikin gidan, an shaƙe ta, an kuma fasa mata kai. Kafin lokacin 'yan sanda sun bar abokan iyalin sun shigo suna kai da komo, shi kuma uban ya sungumi gawar ya hawo da ita sama. Shaidar da ya kamata a samu a wurin ta gurɓace tun ranar farko. Har yau ba a gurfanar da kowa gaban kotu kan wannan kisa ba.

Ba mu zo mu wanke kowa ba. Takardar nan abar tambaya ce, kuma duk mai hankali zai tsaya a kanta. Ƙorafinmu a kan abin da kuke yi da muryar mutum ne.

Na farko, kuma shi ya fi damunmu, maganar ƙarshen kiran. Bayan Patsy ta ajiye waya layin bai yanke nan take ba, aka samu 'yan daƙiƙoƙi na hayaniya da ƙugi. An kai faifan wa ƙwararru a jihar California suka tace shi, wasu suka ce suna jin muryoyi uku, har da ta yaron gidan da iyayen suka ce barci yake yi a lokacin. Wasu kuma sun saurara ba su ji komai ba sai ƙara. Ku abin da kuke yi shi ne ku rubuta kalmomin ɓaro-ɓaro a fuskar bidiyo, sannan ku saki sautin. Mai kallo ya karanta, ya kasa kunne, sai ya ce wallahi ya ji. Ba ƙarya yake yi ba, ya ji ɗin. Amma ku kuka sa masa a kunne.

An taɓa gwada wannan a gaban manyan alƙalai. A ranar 20 ga Yuni 1994, a birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna David Bain ya kira lambar gaggawa ta 111 yana haki, ya ce 'yan gidansu duk sun mutu. An harbe iyayensa da ƙannensa uku. A 1995 aka ɗaure shi, a 2007 aka soke hukuncin aka ce a sake shari'a. Ana shirin sake shari'ar ne wani jami'in bincike ya saurari tsohon faifan ya ce akwai inda Bain yake raɗa cewa shi ya yi harbin. Ma'aikacin da ya amsa kiran bai ji haka ba a ranar. A shari'ar farko an saka faifan, babu wanda ya ji. Masana sauti suka duba suka kasa tabbatar da cewa magana ce ma, don mai yiwuwa numfashi ne kawai na mutumin da ke haki. Kotun ƙolin ƙasar ta hana a gabatar da wannan yanki ga masu yanke hukunci, kuma a 2009 aka wanke Bain. Daga baya wata masaniyar sautin magana a Ostireliya, Helen Fraser, ta ɗauki wannan faifan ta yi gwaji da shi. Da aka saka wa mutane ba tare da an gaya musu komai ba, kusan babu wanda ya ji kalmomin. Da aka faɗa musu abin da ake zargin yana ciki, da yawa suka fara ji, wasu ma suka ƙi sakin abin da suka ji ko bayan an yi musu bayanin cewa masana ba su yarda ba. To idan kotun ƙoli ta ga haɗarin saka irin wannan sauti a kunnen mutum goma sha biyu da suka yi rantsuwa, ina ga dubban mutane da ke kwance suna latsa waya?

Na biyu, jerin nan na alamomin mai laifi da kuke karantowa. Ba ta ambaci sunan 'yarta ba. Ta yi saurin ajiye waya. Kukan ya yi yawa. A wani labarin kuma sai ku ce mai kiran bai yi kuka ba sam, muryarsa a dake, har yana cewa don Allah da na gode. Wanda ya yi kuka ɗan wasan kwaikwayo ne, wanda bai yi ba mai busasshiyar zuciya ne. Ku faɗa mana, wace irin murya ce za ta tsira a hannunku?

Wannan jeri ba ku kuka ƙirƙiro shi ba, kuma ya kamata ku san inda ya fito. Wani mataimakin shugaban 'yan sanda ne a ƙaramin garin Moraine na jihar Ohio, Tracy Harpster, ya nazarci kira 100 don digirinsa na biyu, ya fitar da alamomin da ya ce suna bambanta mai gaskiya da mai laifi, sannan ya shiga koyar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara a faɗin Amurka. Masu bincike daban-daban, har da na hukumar FBI, sun yi ƙoƙarin maimaita sakamakonsa da wasu kiraye-kirayen, abin bai fito ba. A ƙarshen 2022 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta wallafa rahoto ta nuna an yi amfani da hanyar a shari'o'i sama da 100 a jihohi 26, duk da cewa ba ta da ƙafar tsayawa a kimiyyance. Abin da masana suka ajiye gefe, shi kuka ɗauko kuna sayar mana a matsayin sirrin masu bincike.

Kuma ba muryar waya kaɗai ba. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara gwaje-gwaje sama da 200 kan yadda mutane ke gane maƙaryaci. Matsakaicin dacewa kashi 54 ne cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka zai samu 50. Duk wanda ya ce shi daga jin murya yake gane mai laifi, a kan wannan kashi huɗun yake tinƙaho.

Ni kaina na taɓa yin irin wannan kira. Mahaifina ne ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki cikin dare, muka ɓalle ƙofar muka same shi kwance, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe amma ba ya ganinmu. Da aka ɗauki wayar sallama na fara yi, har da ba da haƙuri kan kiran dare. Ban ce babana ba ne, cewa na yi akwai wani dattijo a kwance. Aka tambaye ni lambar gida, gidan da na girma a ciki, na tsaya ina kallon bango. Muryata kuwa kamar mai karanta sanarwa, ko rawa ba ta yi. Ƙanwata a gefe tana kururuwa tana jijjiga shi, ana jiyo ta a wayar. Ɗaki ɗaya, uba ɗaya, tashin hankali ɗaya. Da faifan nan zai faɗo hannunku, ni za ku kama da laifin sanyin murya da ladabi, ita kuma da laifin wuce gona da iri. Allah ya sa ya tashi, kuma babu wanda ya taɓa neman faifan.

Russ Faria bai yi irin wannan sa'a ba. A ranar 27 ga Disamba 2011 ya dawo gida a garin Troy na jihar Missouri ya tarar da matarsa Betsy cikin jini. Ya kira 911 yana gunjin kuka ya ce ta kashe kanta. Tana fama da ciwon daji da likitoci suka ce ba na tashi ba ne, shi ya sa tunaninsa ya tafi can. Ashe an caka mata wuƙa sau 55. Aka ce wane miji ne zai ga haka ya ce ita ta kashe kanta? Aka ce kukan na ƙarya ne. Mutum huɗu sun shaida yana tare da su a daren, yana da rasit na inda ya tsaya a hanya, duk da haka aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2013. Sai a 2015 aka sake shari'a aka sallame shi.

Za ku ce ai masu kisa suna kiran 911 da kansu. Ƙwarai kuwa, kuma misalin yana cikin wannan labarin. Ƙawar marigayiyar, Pam Hupp, wadda ita ce ta ci inshorar ranta ta dala 150,000, a 2016 ta harbe wani mutum mai lalurar ƙwaƙwalwa a gidanta, ta kira 911 tana cewa ɗan fashi ne ya biyo ta. Abin da ya tona mata asiri ba rawar murya ba ce. Bayanan wayarta ne suka nuna ta je unguwar mutumin kafin abin ya faru, da sauran shaidun da ake iya taɓawa da hannu. An yi mata ɗaurin rai da rai a 2019, kuma a 2021 aka tuhume ta da kisan Betsy. Kiran gaggawa yana da amfani ga mai bincike, babu musu: yana nuna lokaci, yana nuna abin da mai kira ya ce ya gani, wanda za a iya gwadawa da abin da aka tarar a wurin. Idan mutum ya ce ƙofa a kulle take aka same ta a ɓalle, wannan abin bi ne. Yadda numfashinsa ke fita ba abin bi ba ne.

Na uku, kuna ba da rabin labari. Mai son ya ɗora wa iyayen laifi zai gaya mana cewa a 1999 tawagar 'yan ƙasa da aka tara don duba shaidu ta amince a tuhume su da jefa yarinyar cikin haɗarin da ya kai ga mutuwarta, abin da bai fito fili ba sai 2013. Gaskiya ne. Amma ba zai ce babban mai gabatar da ƙara na lokacin, Alex Hunter, ya ƙi sa hannu don yana ganin shaidar ba za ta tsaya a kotu ba. Ba zai ce an samu DNA na wani namiji da ba ɗan gidan ba a tufafin yarinyar, har a 2008 wadda ta gaji kujerar, Mary Lacy, ta rubuta wa iyalin takardar ban haƙuri. Mai son wanke su kuma zai tsaya a kan takardar Lacy, ya ɓoye cewa wanda ya zo bayanta bai ɗauke ta a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Sannan kusan dukkanku kuna tsallake John Mark Karr, wanda aka kamo daga Bangkok a 2006 bayan ya ce yana wurin lokacin da yarinyar ta mutu, DNA ya ƙaryata shi aka sake shi. Mutum ya amsa laifi da bakinsa ma bai zama hujja ba, balle ƙugin layin waya.

Na huɗu, waɗanda kuke shafa wa kashin kaji mutane ne masu rai. Patsy ta rasu a 2006, ba ta da bakin kare kanta. Yayan yarinyar shekararsa 9 a lokacin. Ya tashi da wannan jakar tsaba a wuyansa, kuma da gidan talabijin na CBS ya nuna wani shiri a 2016 da ke nuna shi da yatsa, ya kai su ƙara yana neman dala miliyan 750, aka sasanta a 2019 ba tare da bayyana sharuɗɗan ba. Babban gidan talabijin mai tarin lauyoyi ke nan. Ku da kuka saka hoton yaro ɗan shekara 9 a cikin ƙuri'ar wa ya yi kisa, me kuka riƙe da su ba su riƙe ba?

Ku duba abin da ya faru a garin Moscow na jihar Idaho. A ranar 13 ga Nuwamba 2022 aka kashe ɗaliban jami'a huɗu a gidan da suke haya, wajen ƙarfe 4 na asuba, amma ba a kira 911 ba sai ƙarfe 11:58 na safe. 'Yan mata biyu da suka tsira a gidan suka shiga uku a hannun masu binciken intanet: me ya hana su kira da wuri, me suke ɓoyewa? Wata mai duba da kati a TikTok ta fito ta ce wata malamar jami'ar ce ta kitsa kisan, malamar ta kai ta kotu, alƙali ya tabbatar ɓata suna ne. Ana cikin wannan surutu 'yan sanda suna can suna bin DNA da aka samu a kuben wuƙa, da farar mota, da bayanan waya. A ƙarshen Disamba suka kama Bryan Kohberger, wanda duk wannan hasashen bai taɓa hango shi ba, kuma a Yulin 2025 ya amsa laifinsa. Cikin waɗanda suka yi wa 'yan matan nan ƙazafi, nawa ne suka dawo suka ce a yafe musu?

Batun cewa ba sa jin Hausa kuwa, mu ba mu taɓa jin inda aka ce ƙazafi yana halatta idan wanda aka yi wa bai ji ba. An ce mana mu nisanci yawan zato domin sashensa zunubi ne, ba a ware Baturen Colorado ba. Kuma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abin da kuke koya wa kunnuwan masu sauraronku. Wanda ya saba yanke hukunci daga murya ba zai tsaya kan mutanen nesa ba. Ranar da aka tsinci gawa kusa da shi, matar mamacin ko maƙwabcin da ya fara yin ihu zai fara auna wa kuka. Idan mutane suka gane cewa wanda ya fara kiran agaji shi ake fara zargi, wata rana wani zai ga mutum kwance cikin jini ya mayar da wayarsa aljihu ya wuce.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku sauke ƙuri'ar nan, kuma kada a sake buɗe irinta a kan kowane mutum da kotu ba ta kama da laifi ba, musamman wanda yake yaro lokacin da abin ya faru.

Idan za ku saka sautin da ake taƙaddama a kansa, ku fara saka shi tsura, babu rubutu, babu kiɗa, babu rage gudu. Bayan haka ku faɗi abin da wasu suka ce sun ji, ku kuma faɗi a fili cewa wasu ƙwararru ba su ji ba. Idan kuna maimaita maganar mai kira da bakinku, ku karanta ta yadda take, ban da ƙarin shessheƙa ko gatse, don mafi yawan masu sauraronku muryarku suke ɗauka a matsayin ta mai kiran.

Ku daina karanto alamomin mai laifi kamar tabbataccen ilimi. In dole sai kun ambace su, ku haɗa da cewa an gwada su ba su yi aiki ba.

Ku riƙa raba abu uku a bakinku: abin da ke cikin takardun kotu ko na 'yan sanda, abin da wani ɗan jarida ya ruwaito, da abin da ku kanku kuke tsammani. Ba mu hana ku tsammani ba, amma ku kira shi da sunansa. Kuma duk hujjar da kuka kawo a kan wani, ku kawo wadda ke gefensa a cikin shiri ɗaya, ba a kashi na biyu da rabin mutane ba za su kalla ba.

Idan gaskiya ta fito daga baya aka kama wani daban, ku koma kan tsohon bidiyon ku goge shi ko ku liƙa gyara a samansa, ku ambaci wanda kuka zarga ku ce kun zalunce shi. Bidiyon da aka yi shekara uku da suka wuce yana nan yana yawo, sabon mai kallo bai san an wuce wurin ba.

Wanda kuma yake ganin yana da wani bayani na haƙiƙa a kan kisan JonBenét, 'yan sandan Boulder sun sha nanata cewa fayil ɗin a buɗe yake kuma suna karɓar bayanai. Ku nuna masa hanyar can.

Wassalam.

Naku,
Ɗaya daga cikin masu sauraronku, a madadin sauran.